Saura Babi Uku

Da ƙafa malamin lissafi ya banke ƙofar, don hannunsa ɗaya na riƙe da alli, ɗayan kuma ya shaƙe wuyan rigar wani ƙaton ɗalibi.

"Ga su nan, su huɗu. Kada wanda ya motsa sai na gama darasi biyu."

Matar da ke kula da ɗakin ta ɗago kai daga littafin da take liƙe wa bango da gam. Yara sun daɗe da laƙaba mata Malama Shiru, har malamai ma sun manta tana da wani suna.

"Malam, nan fa laburare ne."

"Na sani. Shi ya sa na kawo su."

Ya juya zai tafi. Ta zabura ta figo wata takarda daga ƙarƙashin kwalbar gam ta bi shi har baranda.

"Tsaya mana, Malam. Fom ɗin ofishin ilimi ne. Suna tambayar darasi nawa malamai suka kawo ajinsu laburare a wannan zangon. Ko sau ɗaya ka kawo min ajinka kafin sha biyu, in samu abin rubutawa."

Ya dubi fom ɗin kamar ta miƙo masa ƙazanta.

"Lissafi nake koyarwa, Malama, ba tatsuniya ba."

Ya wuce yana karkaɗe alli daga hannun riga. Ta tsaya riƙe da takardar, ranta na tafarfasa. Ƙarfe sha biyu za a yi taron malamai, kuma magana ɗaya ce a gaban taron: a kwashe littattafai a kai sito, a mayar da laburare ɗakin hutun malamai. Hedimasta ya faɗa mata ƙiri-ƙiri tun shekaranjiya cewa in gurbin nan na fom ya tafi da sifili, to ba shi da bakin kare ta. Shi da bai taɓa kare ta ba ko da wasa!

Shekara goma sha ɗaya tana cikin ɗakin nan. Littafi ɗari shida da arba'in ne a ciki, kuma ta san kowanne kamar yatsun hannunta. Rabinsu kyauta ce ta mutanen da suka share gidajensu suka rasa inda za su zubar da shara. Akwai kwafi talatin na wani littafin tiyatar zuciya. Akwai littafin gyaran tarakta, da kundin lambobin waya na wani gari da ba wanda ya taɓa jin sunansa. Littattafan labarai na kirki ba su kai tamanin ba, su ma kowanne ya sha gam da zare har ya gaji. Allon da ke saman ƙofa, mai rubutun LABURARE da shuɗin fenti, ita ta rubuta shi da hannunta a shekararta ta farko, lokacin tana ganin duniya za ta gyaru.

A da akwai darasin laburare a jadawali, sau ɗaya a mako. Aka cire shi aka ba bitar jarrabawa gurbinsa. A da ana ba da aron littafi a tafi da shi gida, sai guda bakwai suka ɓata, Hedimasta ya haramta. Hutu minti goma sha biyar ne, yaro ya yi fitsari ya sa wani abu a ciki ma bai isa ba. Ana tashi kuma maigadi ke korar kowa waje. Abin da ya rage wa ɗakin shi ne masu laifi. Duk malamin da yaro ya ishe shi, sai ka ji, "Fita! Wuce laburare!"

Ta leƙa ciki ta watsa wa yaran harara.

"Shiru! Kowa ya ɗauki littafi ya sa idonsa a kai. In na dawo na ji tari, sai ranku ya ɓaci."

Ta ja ƙofar ta kama bin azuzuwa.

Malamin tarihi ya ce shi a shirye yake wallahi, amma manhaja ta yi masa yawa, bai ma kai rabi ba. Malamar kimiyya ta tambaye ta ko akwai littafin jarrabawar bana a ciki, da ta ji babu sai ta ce, "To me za su je yi?" Malamin labarin ƙasa ya ce ta rubuta ya kawo su sau goma, zai sa hannu, wa zai bincika? Ta ce ita ba ta rubuta ƙarya. Ya ce to Allah ya ba da sa'a.

Ta bar malamar adabi sai ƙarshe, don a kanta ta ɗora rai. Ta same ta tana cika allo da rubutu, yara saba'in na kwafa.

"Ƙawata, ke ce gatana yau. Minti talatin kawai. Ki kawo su su taɓa littafi da hannunsu."

"Ayya, Malama Shiru." Ba ta ma daina rubutun ba. "Kin ga taƙaitaccen labarin nake ba su. Shi ke fitowa a jarrabawa."

"Taƙaitaccen wane labari? Littafin yana wurina, kwafi huɗu!"

"Kwafi huɗu, yara saba'in. Haba, ke ma dai."

"A raba su rukuni-rukuni mana. Ni zan karanta wa rabi, ke ki..."

"In na kai su can, iyayensu su ji an kai 'ya'yansu laburare, sai su zo suna tambayar laifin me suka yi. Rufa min asiri."

Malama Shiru ta juya ta fita. Abin haushin, gaskiya matar ta faɗa.

A ƙarƙashin matakala wayarta ta yi ƙara. Ƙanwarta ce, wadda ita ma laburare take riƙewa, amma a makarantar masu hali da ke can ɗaya gefen gari. Makon jiya aka kwashi Hedimasta da wasu malamai aka kai su ziyara can, kuma tun da ya dawo bai bar kowa ya huta ba. Littafi dubu goma sha biyu. Kwamfuta ashirin. Sanyi kamar cikin firji. Kowace Litinin malamai na zama da ƙanwar tata su tsara darussan mako tare.

"Yaya, ya ake ciki? Kin samu wanda zai sa hannu?"

"Na samu. Aljanu."

"Kai, Yaya! Ni fa matsalata a nan malaman sun yi min yawa, har faɗa suke a kan lokaci. Jiya ma..."

"To Allah ya yaye miki wannan bala'i."

"Ba haka nake nufi ba. Ki zauna da su ne kawai, ki nuna musu amfanin..."

"Ni na koya miki jera littafi a kanta, yarinya. Kada ki koya min zama da mutane."

Ta katse wayar. Nan take ta ji kunya, kunyar kuma ta ƙara mata haushi.

Da ta iso ƙofar laburare ba ta ji motsin kowa ba. Ta ce a ranta, sun gudu. Ta tura ƙofar a hankali.

Suna nan su huɗu. Biyu sun haɗa kai a kan littafi ɗaya. Ƙaton nan da ya maimaita aji sau biyu, wanda ake kira Baban Aji, ya baje littafin gyaran tarakta yana bin zanen inji da yatsa, leɓensa na motsi. A can lungu kuma wata siririyar yarinya ta dunƙule a kan benci, ta kifa fuska cikin wani littafi mai jan bango. Sai yanzu Malama Shiru ta dube ta da kyau. Monitar aji uku ce, yarinyar da ke zuwa ta ɗaya tun da ta shigo makarantar.

Ta jawo rajistar masu laifi ta duba. Litinin, Monita. Talata, Monita. Yau Laraba, Monita.

"Ke! Zo nan."

Yarinyar ta taso, yatsanta na cikin littafin don kada shafi ya ɓace.

"Me kika yi wa malamin lissafi?"

"Dariya na yi, Malama."

"Dariyar me?"

"Ba komai. Dariya dai."

"Jiya fa?"

"Na jefar da dasta ta taga."

"Ke? Monita guda? Aljanu ne suka shafe ki, ko iskanci kika koyo da girmanki? Kin san za su ƙwace monitan su kira mahaifinki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Can ta ɗaga littafin kaɗan.

"Saura babi uku, Malama."

Malama Shiru ta tsaya. Ta dubi littafin, ta dubi yarinyar.

"Kina nufin da gangan..."

"Don Allah kada ki faɗa." Yarinyar ta matso kusa. "Ba ni kaɗai ba ce. Layi muke yi. Kowa da ranarsa, don kada a gane. Ni na karɓi ranakun ƙawayena ne saboda na kusa gamawa."

"Ku nawa?"

"A ajinmu mu goma sha tara. Ban san na sauran azuzuwa ba."

Baban Aji ya sa baki daga inda yake, ba tare da ya ɗago ba. "Malamin lissafi ya fi daɗi, Malama. Shi darasi biyu yake bayarwa. Malamar kimiyya ba a yi mata, ita duka take yi."

Monita ta zaro wata takarda daga aljihu, an ninke ta har ta yi laushi. Sunaye ne a jere, da ranaku, da sunan littafin kowa, da shafin da ya tsaya. Malama Shiru ta karanta har ƙasa. Ta sha ganin 'yan tsinkaye da guntayen takarda a cikin littattafai tana cirewa tana tsaki, tana cewa yaran nan ƙazamai ne. Ashe alamar shafi take zubar musu.

"Me ya hana ku zuwa kamar mutane?" in ji ta.

"Yaushe, Malama?"

Malama Shiru ta zauna a kan kujerarta, takardar a hannu. Daɗi ya zo mata, amma bai daɗe ba, wani baƙin ciki ya taso ya danne shi. Makaranta guda, malamai ashirin da shida, a ce yaro sai ya yi rashin kunya kafin a bar shi ya karanta littafi! Ta ninke takardar ta damƙe. Yau za su ji. Wallahi yau sai ta karanta musu sunayen nan ɗaya bayan ɗaya.

Ɗakin malamai ya cika maƙil, fanka ɗaya na juya zafi. Hedimasta ya fara da labarin ziyara, karo na biyar.

"Abin da muka gani a can, shi ake kira laburare. Namu kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, sito ne mai taga. Ga malamai a cushe a nan, wasu a tsaye suke makin takardu. Malama, me kika rubuta a fom?"

"Sifili, ranka ya daɗe."

"To kun ji."

Ta miƙe. Ba ta san lokacin da kujerar ta faɗi a bayanta ba.

"Sun ji, ai su suka rubuta shi! Sifilin nan ba nawa ba ne. Wa ya cire darasin laburare daga jadawali? Ni? Wa ya hana aro? Ni? Kun je can kun ga kwamfuta da sanyi kun dawo kuna santi. Ba ku ga malamansu na shiga ɗakin da ƙafafunsu ba? Wannan ai ba kuɗi ake saye da shi ba! Shekara goma sha ɗaya ina bin ku aji-aji kamar mai talla. Akwai wanda ya taɓa shigowa ya tambaye ni me ke cikin kantocin nan? Mutum ɗaya! Ya ɗaga hannu in gan shi!"

Ba wanda ya ɗaga. Wani ya ce, "Ikon Allah, yau Malama Shiru ta yi magana." Aka yi 'yar dariya.

"A yi haƙuri, Malama," in ji Hedimasta. "Ba faɗa muka zo yi ba. Masu goyon bayan a kwashe littattafai?"

Hannaye suka tashi kamar an ja su da zare. Har da na malamar adabi, ko da yake ita ta kawar da kai. Malama Shiru ta fara warware takardar Monita.

Sai malamin lissafi ya sauke nasa hannun.

"Dakata, ranka ya daɗe. In an mayar da shi ɗakinmu, ina za mu riƙa tura masu laifi?"

Malamai suka dubi juna.

"Ai kuwa," in ji malamin tarihi. "Ni fa ba zan zauna hutawa yara ashirin na kallon bakina ba."

"A bar su a baranda."

"Su dami sauran azuzuwa?"

"Ni dai in ba inda zan kai su, ba zan iya koyarwa ba," in ji malamin lissafi. "Yaran bana sun lalace. Yau ɗin nan har Monita."

Hannayen suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Cikin minti biyar malamai ashirin da shida suka haɗa baki a kan laburare, abin da ba su taɓa yi ba. Hedimasta ya ce to shi ke nan, ɗaki ya zauna yadda yake, littattafan ma a bar su, kwasarsu wahala ce. Amma fom zai tafi da sifili, ofis zai cire makarantar daga jerin masu laburare, ba kuma za a sake lissafa ta a rabon littattafai ba. Allon ƙofa a sauke shi, a rubuta Ɗakin Horo. Malama kuma daga yau ita ce mai kula da horo.

"Tambaya ɗaya," in ji malamin lissafi, ya juyo ya ƙura mata ido. "Wai suna jin jiki kuwa a can? Don na lura wasu har sauri suke in na kore su. In hutu suke samu a gaya min. Gobe-goben nan in koma tura su wankin bayi."

"Ni ma na lura," in ji wani daga baya.

Idanu suka dawo kanta. Takardar na cikin tafin hannunta, rabi a buɗe. Sunaye goma sha tara. In ta karanta, za ta ga kunya a fuskar malamar adabi, za ta ga Hedimasta ya rasa ta cewa, za ta fanshe shekara goma sha ɗaya a minti ɗaya. Kuma ta san su sarai. Ba wanda zai mayar da darasin laburare, manhaja ta yi yawa. Gobe Monita za ta riƙe tsintsiya da bokiti, da babi uku a gabanta.

Ta dunƙule takardar.

"Sun tsani wurin," ta ce. "Ba na barin su ko motsi. Littafi nake ɗora wa kowa dole, ya yi ta kallo har idonsa ya yi ja."

"Madalla!"

"Sai dai darasi ɗaya ba ya isar su su ji a jikinsu. In za ku turo, ku turo na darasi uku."

"Kun ji aiki," in ji malamin lissafi, ya buga tebur. "Wallahi ashe kina da amfani, Malama."

Ta dube shi har sai da ya kawar da ido. Ta ɗaga kujerar da ta kayar, ta sa hannu a fom ɗin a ƙarƙashin sifili, ta fita ba sallama.

Yaran na nan inda ta bar su, ko da yake darasi biyun sun wuce tuni. Monita ta miƙe tsaye.

"Malama, an rufe?"

"An ƙara muku horo. Daga gobe darasi uku ne."

Baban Aji ya washe baki har kunne.

"Rufe min haƙoran nan! Ku saurare ni da kyau. Duk wanda zai fita daga ɗakin nan ya fita da fuskar wanda aka yi wa mutuwa. In an koro ku kuma, ku daina sauri, ku riƙa jan ƙafa. Ke kuma, kada in sake ganin sunanki a rajista sai mako mai zuwa." Ta miƙa mata takardar da ta cukurkuɗe. "Zauna ki gama yanzu. Zan ce bakinki ne bai mutu ba na ƙara miki."

Ta jawo benci zuwa baranda ta hau. Ƙusoshin allon sun yi tsatsa, sai da ta sa almakashi ta yi ta banƙara, tana tsaki, tana zagin ƙusa kamar ita ta yi mata laifi. Malamar adabi ta zo wucewa da littattafan maki a ƙirji, ta rage tafiya kamar za ta yi magana. Malama Shiru ba ta ko dube ta ba.

Ta shigo da allon, ta rufe ƙofa. Ta goge ƙurar da gefen mayafinta, ta ɗora shi a bayan ƙofar ta ciki, ta cire takalminta ta fara buga ƙusa da dunduniyarsa. Kowane bugu sai da tagogi suka amsa.

Yaran huɗu suka ɗago suna kallon shuɗin rubutun.

"Me kuke kallo?" ta daka musu tsawa yadda za a ji har ɗakin malamai. "Shiru! Kowa ya sa idonsa a littafi."